Kalangu ne zai bi fiyano, ko fiyano ne zai bi kalangu?

Wani matashi daga Daura ya aiko mini da tambaya, ga ta a taƙaice: "Baba, mu bakwai ne muka kafa ƙungiyar kiɗa. Akwai mai kalangu, mai kukuma wanda saurayi ne, mai fiyano, mai jita, mai bas, sai mu biyu masu waƙa, ɗayanmu rap yake yi. So muke mu gauraya kiɗan gargajiya da hip-hop da rege da duk abin da kunnenmu ya kama. A situdiyo abin yana yin daɗi, amma sau biyu muna hawa dandamali yana wargaje mana. Ga manya kuma suna cewa gado muke ɓatawa. Mu ci gaba ko mu haƙura?"

Ɗana, ku ci gaba. Na fi shekara ashirin ina ɗaukar sauti a nan Katsina, kuma ƙungiya irin taku ce nake ta addu'ar in ga ta fito daga wannan yanki. Amma zan gaya maka inda nake zaton cutar take, ko da yake ban ji kiɗanku ba, domin alamomin da ka lissafa na san su. Kun tara baƙi da yawa a gida ɗaya, ba ku tsayar da maigida ba. Kuma ina kyautata zaton wanda ya ƙwace gidan a ɓoye shi ne fiyano da kwamfuta.

Bari in fara da maganar manya, don ita ce mai sauƙi. Ka gaishe su da ladabi, ka tuna musu cewa abin da muke kira gado yau, jiya sabon abu ne. A da kowace sana'a da kiɗanta: kalangu na mahauta ne da 'yan dambe da 'yan mata a dandali, dundufa ta maƙera, garaya ta maharba, taushi da kotso da jauje na fada. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya ɗauki wannan kalangu da ba a lissafa shi cikin kayan fada, ya yi wa sarki waƙa da shi, ya yi wa direba, ya yi wa manomi, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Da ya rasu a 1999, a garinku Daura aka binne shi. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa ta fito da kiɗan ƙwarya daga tsakar gida, inda mata ke yinsa a tsakaninsu, ta kai shi gaban taron jama'a. Algaita kanta, wadda ba a hawan Salla sai da ita, sunanta ma ya nuna daga Arewacin Afirka ta ƙetaro Sahara ta zo. Duk baƙi ne da suka zama 'yan gida. Sai dai kada ka ɗauka manyan nan ba su da gaskiya ko kaɗan. Sau da yawa abin da kunnensu ke ƙi ba gaurayar ba ce. Suna jin kukuma tana kukan da ba nata ba, suna jin Hausa ta karye a bakin mawaƙi, amma ba su da kalmar da za su bayyana maka, sai su ce ka ɓata gado. A nan aikinku yake.

Hausa harshe ne mai karin sauti. Faɗi "kuka" na hawaye, ka faɗi "kuka" itaciyar da ake miya da ganyenta. Na farko muryarka tana sama a gaɓa biyun, na biyu tana faɗowa a ƙarshe. Faɗi "gari" na mutane da "gari" na tuwo, ka ji yadda wasalin farko ya gajarta a ɗaya ya miƙe a ɗaya. Wato tun kafin a sa wa magana kiɗa, tana tafe da raujinta da takinta. Shi ya sa kalangu ke magana: makaɗi ya matse tsarkiya a hammata, fata ta ɗaure, sauti ya hau, ya saki, sauti ya sauka, yana bin hawa da saukar kalma har mai saurare ya gane taken da ake yi ba tare da an buɗe baki ba. To, abin da yawancin yara ke yi a situdiyo shi ne su fara gina bit, wato kiɗan inji na kwamfuta, su ɗora masa rauji na aro daga waƙar Turanci ko ta Indiya, sannan su zo suna cusa kalmomin Hausa a ciki kamar mai cusa ƙafa a takalmin ƙanensa. Gaɓar da ya kamata ta sauka sai ta hau, gajeren wasali a ja shi, dogo a datse shi. Mai rap ɗinku ya fi kowa shiga wannan haɗari, don salon da ya koya an gina shi ne a kan harshen da ke aiki da ƙarfin gaɓa, namu kuwa da tsawo da kari yake aiki. Ku juya tsarin. A fara rubuta baiti, a faɗe shi da baki kamar ana hira, mai kalangu ya kaɗa shi, sai sauran su nemi wurin zama a cikin abin da ya fito. Idan mai kalangu ya kasa faɗin layin da gangarsa, layin ne ke da matsala.

Sai maganar saiti, kuma a nan zan daɗe, don nan ne na fi ganin ɓarna. Fiyano ta raba tazarar da ke tsakanin sauti da takwaransa na sama gida 12 daidai wa daida, kuma an ɗaure ta a kan ma'auni ɗaya, sautin da ake kira A yana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa. Ko a Daura ka kunna ta ko a Landan, haka za ta faɗa. Kukuma ba ta san da wannan yarjejeniya ba. Tsarkiya ɗaya gare ta ta gashin doki, mai ita yana ɗaure ta daidai da muryarsa ta wannan rana, kuma yawancin waƙoƙinmu a kan matakai biyar suke tafiya, waɗanda ba dole su faɗo daidai kan maɓallan fiyano ba. Wani matakin yana zaune ne tsakanin farin maɓalli da baƙi. Wannan ɗan karkacewar ba kuskure ba ce, ita ce gishirin. Ga kuma yanayi: da hunturu fata tana bushewa ta ɗaure, sauti ya hau; da damina ta sha laima ta saki, har ka ga makaɗa sun kai ganga kusa da wuta suna gasa ta kafin a fara.

Na taɓa yin wannan kuskure da hannuna, kuma har yau yana damuna. Wani dattijo mai kukuma ya zo daga wani ƙauye na wajen Kaita, muka ɗauke shi tun safe har azahar. Da ya fita salla, na ga a allon kwamfuta sautukansa ba su hau layi ba, sai na sa Auto-Tune, manhajar daidaita sauti, na miƙe su duka. Ya dawo ya zauna a kan tabarma, ya ciro ɗan ƙaro daga aljihu yana goga wa izgarsa, na kunna masa. Bai kai rabi ba ya ɗaga hannu. Ya ce, "Yaro, wannan muryar wa ce? Tawa tana da ɗan ɗingishi a nan, da shi ubana ya bar mini ita." Bai yi faɗa ba, amma na ga ransa ya sosu. Na mayar da komai yadda yake, na koma kan fiyano na sauke maɓalli biyu kaɗan har suka zauna da shi. Daga ranar ban ƙara jan kayan gargajiya zuwa wurin inji ba, injin nake ja ya zo wurinsu.

Kuma yin hakan ba wuya. Tsakanin kowane maɓalli da maƙwabcinsa an raba gida 100, kuma manhajojin da kuke aiki da su, irin su FL Studio da Cubase, suna ba da damar ɗaga sauti ko sauke shi da kaɗan daga cikin wannan ɗarin. Akwai ma fiyanon Yamaha da aka ƙera domin kiɗan Larabawa, wadda ake iya saita kowane mataki nata shi kaɗai. Kowace rana, mai kukuma ne zai fara ɗaurewa, mai jita da mai bas su murɗa nasu su bi shi, mai fiyano ya zo ƙarshe. Ka kuma gaya wa mai fiyano ya rage yatsu. An koya masa ya danna sauti uku ko huɗu a tare, ya riƙa sauya su duk bayan taki kaɗan, wannan kuwa ginin waƙar Turawa ne. Waƙarmu tana kewaya gindi ɗaya ne, ta tafi ta dawo. Ya riƙe sauti biyu kawai, tushe da na biyar ɗinsa, ko ya maimaita ɗan gajeren zagaye kamar mai gurmi. Zai ji kamar an raina iyawarsa, ka lallashe shi. Wurin da ya bari fili nan kukuma za ta yi numfashi.

Taki kuma. Kiɗan kalangu da yawa uku-uku yake tafiya, hip-hop da rege kuwa yawanci huɗu-huɗu. In aka ɗora su haka nan, sai su yi ta taka ƙafar juna. Mahaɗarsu 12 ce: taki ƙanana goma sha biyu suna rabuwa gida huɗu na uku-uku, suna kuma rabuwa gida uku na huɗu-huɗu. Ku ajiye kayan kiɗa, ku zauna da'ira, rabi su tafa a kan huɗun, rabi a kan ukun, har sai kowa ya iya riƙe nasa yana jin na ɗan'uwansa bai ruɗe ba. Mako ɗaya ya isa. A kwamfuta ma ku sauya layukan awo su koma na uku-uku kafin ku ɗora komai.

Yanzu ga dalilin da ya sa situdiyo ke rufa muku asiri, dandamali ya tona. A situdiyo ɗaya bayan ɗaya kuke shiga. Kowa ya sa abin ji a kunne, ya bi ƙyas-ƙyas ɗin awo, in ya kuskure a yanke a liƙa. Abin da ya fito mai kyau ne, amma ba ku kuka yi shi tare ba, mai kwamfuta ne ya ɗinke ku. Ranar wasa kuwa babu mai ɗinki. Sannan wasan Bahaushe ba ya tafiya da agogo. Jagoran waƙa ne ke riƙe da linzami: shi ya san lokacin da zai miƙa wa 'yan amshi, shi ya san lokacin da zai tsaya a kan ɗan waƙa ɗaya ya maimaita shi sau biyar don wata hajiya ta taso da liƙi. Mai kalangu numfashin mawaƙi yake bi, in jama'a suka ɗauki zafi ya ƙara wuta, in suka lafa ya sassauta. Bit ɗin da aka ɗauka a filashi ba ya ganin hajiya, minti huɗunsa in sun cika ya tsaya. Kun haɗa mai bin mutane da mai bin agogo, dole a rabu a hanya.

Na ga haka a wani biki a cikin gari. Yara suna waƙa a kan kiɗan da suka ɗauko, da mai kalangu ɗaya a gefe kamar ado, an ba shi makirfo amma an rage masa murya. Ana tsakiyar rawa janareta ya shaƙe. Lasifika suka yi tsit, mawaƙan suka tsaya cirko-cirko da makirfo a hannu. Mai kalangun nan bai ko ɗaga kai ba, ya ci gaba, ya ƙara matse ganga, mata suka kama tafi, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, fili ya fi ɗazu cika. Da aka gyara inji aka maido da kiɗan, sai rawar ta yi sanyi. A daren nan kowa ya ga wane ne maigida.

Saboda haka shawarata ita ce ku daina ɗaukar sabuwar waƙa na wata uku. Ku sami zaure ko wani fili a bayan gida, ku riƙa haɗuwa kuna kaɗawa tare, ba kwamfuta, da ƙaramar lasifika ɗaya don jita da bas da fiyano, a rage ta har muryar kukuma ta fito ba tare da makirfo ba. Waƙar da ta iya tsayawa da ƙafarta a wannan zaure ita ta cancanci situdiyo. In kun je ɗauka, ku shiga tare a ɗaki ɗaya, a ɗauki gangar jikin waƙar a zama guda, sannan mai kwamfuta ya auna takin daga kalangu, ya sa awon inji ya bi shi. Duk wani ado na lantarki daga baya yake zuwa. Idan kuna son sautin inji a dandamali, ku sa shi a ƙarƙashin yatsan mutum, ya riƙa kunna ɗan zagaye yana kashewa da hannu yana kallon jagora.

Akwai kuma abin da ba laifinku ba ne, na iska ne. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Mai kalangu da ke sauraron lasifikar da ke nesa da shi da mita 10 yana jin bas a makare da kusan kashi 3 cikin 100 na daƙiƙa, in kuma akwai katanga a gabanku, amsa-kuwwarta za ta dawo a makare fiye da haka. Ƙanƙanin abu ne, amma ya isa ya kwance taki. Ku matso kusa da juna yadda gwiwa za ta kusa taɓa gwiwa, mai bas ya tsaya dab da mai kalangu yana ganin hannunsa, a ajiye ƙaramar lasifika tana fuskantarku. Mai kalangu ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka makirfo mai maƙalewa ya fi masa na kan sanda. Kukuma kuwa ku nisanta ta daga bakin lasifika, in ba haka ba ƙara za ta tashi. Ku je wurin da wuri, ku gwada sauti tun kafin la'asar.

Game da yawan salon da kuke son haɗawa, ina ganin kun yi zari. Mai dama fura ba ta juye komai lokaci guda. Fura ce a ƙasan ƙwarya, nono yana shiga kaɗan-kaɗan, ludayi yana aiki. A waƙa ɗaya, baƙo ɗaya ya isa, biyu in ta kama. Faɗin ƙungiyarku ya bayyana a tsawon wasan dare ɗaya ko a cikin kundi guda: wannan waƙa bas ɗin rege ne ya ziyarci kalangu, waccan rap ne ya zauna a gurbin sanƙira yana zuba kirari, wata kuma jita ce ke amsa wa kukuma. Ka duba waɗanda suka yi nasara a wannan hanya. Fela Kuti ya haɗa hailaif, kiɗan rawa mai asali daga Gana, da jaz da kiɗan baƙaƙen Amurka bayan tafiyarsa can a 1969, amma abin da ya riƙe ginin shi ne gangar Tony Allen da tsarin kira da amshi, ga shekaru na kaɗawa tare kusan kullum. Osibisa, da aka kafa a Landan a 1969, 'yan Gana ne da 'yan tsibiran Karebiyan, hailaif ne gindinsu. Amma ba sai ka je nesa ba. Daga Daura, Kongolam ce tsakaninka da Nijar. Ka nemi kiɗan Mamar Kassey, ƙungiyar da Yakuba Mumuni mai sarewa ya kafa a 1995, ka ji yadda molo da kalangu da ƙwarya ke jan gaba, bas da jitar lantarki suna biye. Ka saurari Tal National ta Yamai, masu waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da harshen Buzaye, waɗanda suka gasu a wasan sa'o'i masu yawa a gaban jama'a tun kafin duniya ta san su. Maƙwabtan nan namu sun riga mu a wannan fanni, kuma ba abin kunya ba ne mu koya. Mu a nan, tun da fiyanon Yamaha ta shigo situdiyoyin Kano a shekarun 1990 tare da waƙoƙin fim, mutum ɗaya da yatsu goma ya maye gurbin ƙungiya guda. An sami sauƙi da arha, an kuma yi waƙoƙi masu daɗi, amma mun yi asarar al'adar zama tare a kaɗa.

Abu biyu zan roƙe ku ku kiyaye. Tambari da kakaki na sarauta ne, ku da kuka tashi kuna ganin Sallar Gani da hawan Magajiya kun fi ni sani. Kada ku kwashi sautinsu ku zuba a ƙarƙashin waƙar soyayya, kuma in har kuna da dalilin amfani da su, ku bi ta fada ku nemi izini. Haka taken wani basarake ko na wani gida, mai kalangunku ya san su, ya kauce musu. Na biyu, muryar magabata. Na san akwai kwaɗayin yanko ɗan guntun muryar Shata ko Ɗankwairo a ɗora a kan bit. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, kuma waɗannan bayin Allah suna da magada da rai. Ku je ku gaishe su, ku nemi yardarsu a rubuce. In kun gayyato wani dattijo ya kaɗa muku, kada ku sallame shi da kuɗin mota kawai. A sa sunansa a jikin waƙar, a yanka masa kasonsa, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu, ku ma bakwai ɗin ku yi haka a tsakaninku tun kuɗi bai shigo ba.

Ka ce mai kukumarku saurayi ne. Ka tambaye shi wa ya koya masa, in malamin yana raye ku ɗauke shi ku kawo shi zaurenku ko sau ɗaya a wata, ku ba shi tabarma da goro, ya zauna ya saurara. Inda ya gyaɗa kai ku riƙe, inda ya ɗaure fuska ku tsaya ku tambaye shi me ya ji. A zamanku na gaba, ku zaɓi waƙa ɗaya tak, wadda ta fi wargajewa a wasanku na baya. Ku fara ta da murya da kalangu kawai, sai kukuma ta shigo, sai bas, sai jita, fiyano a ƙarshe, kowa ya shigo ne bayan na gabansa ya zauna daram. Ka ajiye waya a tsakiyar da'irar ta ɗauka, kada a gyara komai, ka turo mini in ji. In Allah ya kai mu bayan Salla ina da zuwa Daura, zan biyo ta zauren naku.